Wutar da Ta Haifi Ƙanƙara

Da bazarar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wata ranar kasuwa bayan la'asar, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu a Gwaram. Muna carafke a gindin darbejiya, muka watsar da duwatsun muka taso. Baffa Sale ne, ƙanen mahaifina, wanda ke aikin direba a Birnin Kudu. Ƙarti suka sauke masa wani farin akwati mai tsawon mutum, suka kai zaure. Ya ce sunansa firiji, da kananzir yake aiki, kuma in azumi ya zo kowa a unguwa zai sha ruwan sanyi. Ya yi ta cusa tsakuwa a ƙarƙashinsa har ya daidaita, sannan ya kwanta rub da ciki ya kunna wani ɗan lagwani a gindinsa.

Washegari da hantsi ya fito da ruwan da ya zuba jiya, ya zama dutse. Ya ɗora mini guntu a tafin hannu, na yi ƙara na yar, domin ƙuna na ji. Kakarmu Hajjo, mahaifiyarsu Baffa, ta kama hannun ta duba yadda ya yi ja. Ba wai ba ta san ƙanƙara ba. Duk daminar da aka yi ta, mu take turawa da ƙwarya mu tsinto, ta ɗura ruwan a kwalba ta rataye, tana shafa wa jarirai in jikinsu ya yi zafi. Ta durƙusa ta leƙa harshen wutar, ta daɗe, sannan ta ce, "Ta sama na san Mai aiko ta. Wannan fa? Wuta dafa ruwa take yi, Sale. Mene ne a ciki?"

A lokacin ashana ba ta kowa ba ce. Da safe mata kan aiko da kasko a ɗebi garwashi, kuma murhun Hajjo ba ya mutuwa, shi ya sa gidanmu ne gidan ɗiban wuta. Cikin kwanaki kaɗan ƙafa ta ɗauke. Masu wucewa suka daina shan ruwan randar zaure. Tuwon da muke kai wa maƙwabta ya fara dawowa da malmalarsa, wai sun ƙoshi. A rijiya in na sa guga sai hira ta tsaya. Ƙawata Talatu ta raɗa mini cewa an hana ta gaɗa da ni, wai Baffa ya kulle wani abu a akwati yana ba shi kananzir yana sha.

Hajjo ta yi nata gwajin. Baffa na fita ta hure lagwanin, kafin yamma ƙanƙarar ta koma ruwa. "Kun gani? An hana shi abincinsa ya yi fushi." Da Baffa ya dawo ya sake kunnawa, firijin ya ƙi sanyi. Sai ya yi abin da makanikai suka koya masa, ya kifa shi, kai a ƙasa ƙafafu a sama, ya ce a bar shi haka zai warware. Hakan kuwa aka yi, sanyi ya dawo. Wannan ne ya ƙarasa mu. Har Kwandiko labari ya kai cewa Sale ya yi wa abin nasa horo, ya kuma ji magana.

"Iya, inji ne fa!" in ji Baffa. Hajjo ta ce, "Inji ko ba inji ba, ni da shi ɗaya zai kwana a gidan nan." Motar da ta kawo firijin ita ta mayar da shi. Da safe Iya Abu, uwar Talatu, ta yi sallama da kaskonta, "Hajjo, a sam mana wuta," kamar ba a yi komai ba. Hajjo ta cika mata da hannunta. Baffa kuwa, daga ranar ko da Sallah daga zaure yake gaishe ta ya juya.

Kwanan baya autata Hadiza, mai koyar da kimiyya, ta zauna tana taya ni tankaɗe. Ta ce in sabon tauraro ya kama ci da wuta, ƙura da tururin ruwa kan kewaye shi a baje kamar gari a faifai. Kusa da shi zafi ba ya barin ruwa ya daskare, amma akwai wata iyaka da in an wuce ta sai ya zama ƙanƙara, ƙurar ta manne da ita, a hankali manyan duniyoyi su dunƙule. Na ce, "Wuta a tsakiya, ƙanƙara a gefe? Wa ya je ya gani?" Ta yi dariya ta ce muryar Hajjo ce sak a bakina.

Yanzu akwai firiji a ɗakina, jikoki na buɗewa ba bismilla ma. Amma rabon da wata ta yi mini sallama da kasko na manta. Nakan so a ce Baffa ya shigo, ko sau ɗaya, in miƙa masa ruwan sanyi a tsakar gida.