Ɗumin Rediyon Soja

Malam Abdulmajid ya yi shekara talatin yana ɗora jakunkunan alhazai a filin jirgin Madina. Da ya yi ritaya, aikinsa ya koma ɗaya: ya ga mahaifiyarsa, Inna Tasallah, ta ci abinci.

Inna ta haura tamanin da biyar. Ta mance sunayen jikokinta, ta mance unguwar Ƙurban da ta tsufa a ciki, amma ba ta mance rediyon mijinta ba. Akwatin ƙarfe ne kore mai mariƙi, irin wanda aka ƙera wa sojoji a yaƙin duniya na biyu. Marigayin ya dawo da shi daga yaƙin ƙasar Bama, ya taho da shi hajji, bai koma gida ba. Kullum bayan azahar yakan kunna shi kafin ya sa hannu a akushi. Har yau Inna ba ta buɗe baki sai an kunna. Takan ɗora tafinta a kan ƙarfen, ta jira ya yi ɗumi, sannan ta ce maigidanta ya shigo, a zuba.

A bana muryar rediyon ta fara shaƙewa. Abdulmajid ya zagaya masu gyara har unguwar Al-Khalidiyya. Wani Bahaushen Sudan ya buɗe bayan rediyon, ya nuna masa wata 'yar kwalba da ta yi baƙi, ya ce irinta sai an yi odo daga waje, wata biyu in an dace. Ranar Talata rediyon ya yi shiru.

Inna ta yini da ruwa kawai. Laraba ma haka. Likita ya ce in ta kai Juma'a za a kwantar da ita a sa mata robar abinci ta hanci.

'Yarsa Ikram, wadda yake wa Hausa tana amsawa da Larabci, ta ɓoye jawwal ɗinta, wato wayar salula, a cikin akwatin, tashar Hausa na magana. Inna ta ɗora hannu, ta daɗe, ta janye.

"Wannan sanyi gare shi," in ji ta. "Bai shigo ba."

Abdulmajid ya fita tsakar gida yana juya maganar. Ashe ba muryar take saurare ba.

Ranar Alhamis ya samo ƙaramin ƙwan fitila irin na da, mai zafi, ya ɗaura shi a ciki kusa da murfin. Ya kunna, ya ajiye shinkafa a gabanta. Ƙarfen ya ɗauki ɗumi sannu a hankali. Inna ta lulluɓe shi da tafinta, idonta a ƙofa.

"Kai, ɗan nan, ka bar ubanka da yunwa?"

"Ga shi nan, Inna. Ke fara."

Ta ci loma huɗu. Abdulmajid bai zauna ba, yana tsaye da cokali yana jiran ta biyar.