Zarto da Mai Zuƙar Ƙura

Ɗana na fari minizye ne a Madawa, ƙofofi da gadaje shika yi. Shekarar da na baro Azarori na komo wurinshi, na iske tari ya riga ni zama gidan. Busasshen tari, irin wanda ke duƙar da namiji har shi dafa bango. Likita ya ce garin katako ne ya cika mishi ƙirji, in bai bar shaƙarshi ba, to, sai dai haƙuri.

Ina za shi bari? Yara na jiran tuwo.

Sai abokinshi mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, ya kawo wani inji mai dogon hanci, mai zuƙe ƙura. Ya haɗa wayarshi da ta zarton kuran, ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki. Da zarto ya tashi, wanga ma shi tashi da kanshi. Ba sai ɗanki ya tuna ba, shi da kai kamar rariya."

Na gani da idona. Zarto ya yi kuka, mai zuƙa ya amsa, kamar mata biyu na lugude a turmi guda. Ranar har guɗa na yi.

Ashe kuran ɗin unguwarmu rago ne. In injunan biyu sunka tashi tare sai wuta ta ɗauke, duka su mutu, katako ya maƙale a bakin zarto. Masu ƙofofi na tsaye suna tsaki. Rannan ɗana ya fizge wayar mai zuƙa.

Na ce, "Kai, mai cetonka ka kashe?"

Ya ce, "Inna, aikin mutane na hannuna." Tari ya ƙarasa mishi maganar.

Abokin ya ce in an bar zarto ya ɗauki gudu kafin a tada mai zuƙa, kuran na iya ɗaukar su. Akwai ɗan akwati mai yin wanga jinkiri da kanshi, amma sai an aiko daga Yamai.

Na ɗauki tabarmata na shimfiɗa gindin maɓallin tada mai zuƙa. Na ce kafin akwati shi zo, ni ce akwatin. In zarto ya yi kuka, in yi salati, in danna. Tsawon salatin ya yi daidai, wuta ba ta ɗaukewa.

Damina ta wuce, an yanke gero, akwati bai zo ba. Kukan zarto kuwa ya cinye mini kunne. Wata rana ya tashi ban ji ba, sai ƙura na gani ta lulluɓe ɗana. Tun daga nan nike aza tafin ƙafata ga ƙafar teburin zarton, in ji rawarshi a ƙashina.

Jiya ya yi tari ya tofar, na ga ja cikin garin katako. Ya sa ƙafa ya rufe, shina zaton ban gani ba. Na gyara zama gindin maɓalli. Ya tada zarto, na yi salati, na danna.