Littafin da Ba a Taɓa Ara Ba

Shekara goma sha tara ke nan Malama tana buɗe ƙofar laburaren unguwa da ƙarfe tara daidai. Ba ta taɓa koyarwa a aji ba, amma duk wanda ya shigo Malama yake ce mata, har sunan ya bi ta gida. Gajeruwa ce, marar hayaniya, kullum da tabarau rataye a wuya. Mahaifiyarta, Inna, wadda ke zaune a gidanta tun bayan rasuwar mahaifin Malama, takan ce, "Wannan ko gwangwanayen kicin sai ta ba su lamba kafin ta jera."

Abu ɗaya ne Malama take yi wanda babu tsari a cikinsa. Da safe, tana shan shayi, takan leƙa wani zaure a intanet inda mutane ke saka hotunan abubuwan da suka tsinta a cikin tsofaffin littattafai: tikitin mota, tsinken ashana, wasiƙar da ba a gama rubutawa ba. Wani ya taɓa samun busasshen yankan tumatir, wata kuma haƙori. Takan karanta wa Inna, su yi ta dariya har shayin ya huce.

Ranar Alhamis ɗin nan ba a yi dariya ba.

"Yau me suka tono mana?" in ji Inna. "Haƙorin ya sami mai shi?"

Malama ta tsaya a kan wani hoto. Ta ɗaga tabarau ta ɗora a hanci, ta kawo wayar kusa da fuskarta. Hoton wata mata ne baƙi da fari, tana tsaye ta dafa keken ɗinki, gefe ɗaya na hoton da sawun ƙananan haƙora. An ɗora shi a kan buɗaɗɗen littafi mai zanen jirgin ruwa. A ƙasan shafin akwai hatimi mai tsagewa a tsakiya.

Hatiminta ne. Kowane littafi da ya shigo laburaren, ita take buga masa shi a shafi na ashirin da ɗaya, don ko an yage bango a gane na wane ne.

"Innalillahi," ta ce a hankali.

"Ke, lafiya? Wa ya mutu?"

"Matar Baba Tela ce, Inna."

"Ba ta daɗe da rasuwa ba wannan?"

"Hotonta. Shi kaɗai ne ya rage masa. Kuma ni ya ba ajiya."

Baba Tela tsoho ne da ido ya raba shi da allura. Shekara uku da suka wuce ya shigo laburaren, ya zaɓi wani ƙaton littafi a kan jiragen ruwa, can ƙarshen kanta inda ba mai zuwa, ya kawo shi teburinta. Ya ce gidan ɗansa yake zaune, jikoki bakwai, ba abin da suke bari, ranar nan ma a bakin ƙaramin aka ciro hoton. "In na sa ta a nan, Malama, za ta kwana lafiya?" Ita kuwa ta ce masa, "Baba, nan ba abin da ke ɓacewa." Tun daga ranar, kullum ƙarfe goma zai zo, ya sauko da littafin, ya jingina hoton da gefen tebur, ya karanta shafi ɗaya ko biyu da gilashin ƙara girman rubutu, ya mayar. Bai taɓa aron littafin ba. Ina zai kai shi, gidan da ya gudo da hoton daga cikinsa?

Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da shi. A makon ne kuma aka yi rage littattafai na shekara. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a bayan kowane littafi akwai takardar da ake buga kwanan watan aro, duk wanda ya shekara biyar ba a buga masa ba, ya tafi kwali. Littafi ɗari huɗu ta duba cikin kwana biyu. Mai aikin laburare ta baya yake buɗe littafi. Da ta zo kan na jiragen ruwan, ta juya, ta ga takarda fara fat, ta jefa. Ko sunansa ba ta kalla ba.

Ta karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton. Wata ce da ke kiran kanta Mai Furanni, tana yanka tsofaffin littattafai tana naɗa furannin takarda. Ta rubuta jiya da yamma: "Wannan kyakkyawar za ta shiga teburin fuskokin da ba a san su ba. Gobe da safe zan zuba ruwan gam." A hotunanta na baya Malama ta ga irin teburan: hotuna a jere, an malala musu wani ruwa da ke daskarewa kamar gilashi. Abin da ya shiga ba ya fitowa.

Ta aika mata saƙo. Ta sake aikawa. Ba alamar an buɗe.

Mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya saboda gyaran firji, ya fito yana ɗaure agogo.

"Wa ya taɓa mana shugabar shiru-shiru?"

"Surukina, bar wasa," in ji Inna. "Ta zubar da matar mutum a kwali."

Malama ta yi masa bayani a gurguje. Ya kalli hoton, ya kalle ta.

"Wa kuka ba kwalayen?"

"Mai sayen tsofaffin takardu. Na kira shi sau biyu, a kashe."

"To hau babur mu je rumfarsa."

"Ba ya buɗewa sai sha ɗaya. Kuma Baba ya aiko jiya cewa ya warke, yau zai zo."

"Ki ce masa an kai littafin gyaran bango," in ji Injiniya. "Kwana biyu kin samo."

"In kuma ban samo ba?"

Inna ta ajiye kofinta. "Kar ki soma. Tsoho ya ba ki amana da baki, ki gaya masa da baki."

Ƙarfe tara ta buɗe ƙofa. Ta kunna fanka, ta jera jaridu, ta sake kiran mai takardu. A kashe. Ta je ƙarshen kanta ta tsaya, duk da ta san abin da za ta gani. Ita da kanta ta matso da sauran littattafan, ko gurbi ba ta bari ba.

Goma saura kwata ta ji ƙarar sandarsa a kan matakala. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa.

"Malama! Kin ɗauka na tafi ko? Likitoci sun ce sauran kwanana da yawa." Ya nufi kantar.

"Baba, zauna tukuna."

Ya tsaya. Ya dube ta da kyau, ya jawo kujera.

Ta gaya masa duka, ba ta rage ba: takardar kwanan wata, kwali, matar da ke intanet, ruwan gam. Ta nuna masa wayar. Ya fito da gilashinsa ya ɗora a kan fuskar wayar, ya daɗe yana kallo.

"Ita ce," ya ce. "To ga ta nan ai, kowa yana gani. Ita da ba ta son a kalle ta."

"Baba, laifina ne."

"Kin ce ba wanda ya karanta shi shekara biyar."

"Ba wanda ya ara, Baba."

"Ni fa? Kullum ina gabanki."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma sake kallonta ba. Ya tashi ya koma kujerar da ya saba zama kusa da taga, ya ɗora hannuwansa biyu a kan teburin da babu komai.

Wayarta ta yi ƙara. Mai takardu ne.

"Malama, na ga kira har shida, gobara ce?"

"Kwalayenmu. Wa ya ɗauki manyan littattafan?"

"Masu hotuna? Hajiyar furanni mana, ita ke kwashe su. Sauran tuni masu ƙulle kaya sun..."

"Ina take?"

"Bayan tashar mota, saman shagon mai yankan gilashi. Amma ba ta son a..."

Ta kashe. Ta kira Injiniya ta ce kalma biyu, "Zo yanzu." Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a shekara goma sha tara: ta cire makullan daga jakarta ta miƙa wa maigadi a lokacin aiki.

"In shugaba ya kira fa?" in ji maigadi.

"Ka ce na fita neman littafi."

A hanya wata motar kaya ta mutu a tsakiyar titi, ta tare ko'ina. Injiniya ya bi ta lungu, suka ci karo da masu tura ruwa, ya koma baya. Ita tana riƙe da waya a hannu ɗaya. Mai Furanni ta saka sabon hoto minti ashirin da suka wuce: robobi biyu da sandar motsawa. "An fara haɗawa."

"Yi sauri, don Allah."

"Ke da kike ce mini in na wuce talatin za ki sauka?"

"Yau ka wuce."

Mai yankan gilashi ya nuna musu matakala da haɓa. Tun daga ƙasa warin gam ya tare su. Ta buga ƙofa. Rediyo na ta waƙa a ciki. Ta sake bugawa da tafin hannu.

"Ba na nan!" wata murya ta ce. "Hannuna a cikin aiki yake!"

"Tsaya! Kar ki zuba!" in ji Malama.

Injiniya ya murɗa mariƙin, ƙofar ta buɗe. Ɗakin cike yake da furannin takarda, a bango, a silin, a cikin bokitai. A tsakiya wata doguwar mata da safar hannu da ƙyalle a hanci ta karkata roba a kan teburi. Ruwan ya riga ya rufe rabin fuskokin, yana tafiya a hankali kamar zuma. Matar Baba Tela tana kusurwar ƙarshe.

"Ku su waye? Wa ya ce ku shigo?"

Malama ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta zagaya teburin, ta sa farce a gefen hoton. An ɗan manna shi ta baya.

"Ke! Za ki ɓata mini aikin wata guda!"

"Mijinta yana raye. Yana zaune yana jira."

Robar ta tsaya a sama. Ruwan da ke kan teburin bai tsaya ba.

"Kar ki ja, zai yage," in ji matar, muryarta ta sauya. "Malam, reza na kan taga. Miƙo. Ke riƙe wannan kwalin nan, tare ruwan."

Malama ta kafa guntun kwali a gaban hoton. Ruwan ya taru a jikinsa, ya fara zagayowa ta gefe. Matar ta zura reza a ƙarƙashi, kaɗan-kaɗan, tana magana ta cikin ƙyalle.

"Kwana biyu yana wurina. Da mai shi ne ai da ya nema. Wa ke barin matarsa a littafi?"

"Wanda aka ce masa ba abin da ke ɓacewa."

Hoton ya ɗago. Gam ya taɓa kusurwa ɗaya, wajen ƙafar keken ɗinkin, ya bar tabo mai ƙyalli kamar girman farce. Fuskar ba abin da ya same ta. Malama ta riƙe shi da hannu biyu, ta zauna a kan bokitin da aka kife.

"Littafin fa?" ta tambaya.

Matar ta cire ƙyallen, ta nuna silin. Furanni sun kai hamsin, a jikin wasu ana ganin guntun jirgi, a wasu igiyar ruwa.

Sha biyu ta wuce lokacin da suka dawo. Baba Tela yana nan yadda ta bar shi. Ta ajiye hoton a gabansa, da fure ɗaya a gefe. Ya ɗauki hoton, ya shafa tabon da babban yatsa, ya juya bayansa, ya sake juyowa.

"Ta sha yawo," ya ce. "Ita da ko kasuwa sai na matsa mata." Ya taɓa furen. "Wannan kuma?"

"Littafin ne, Baba. Abin da ya rage."

"Na kai inda jirgin ya maƙale a ƙanƙara. Ban san ko sun fita ba."

"Zan nemo maka wani irinsa."

"Ki nemo." Ya buɗe aljihun rigarsa, ya kalli ciki, ya rufe. "Yau dai a ina za ta kwana?"

Da Malama ta ɗauka zai tafi da hoton ne.

"In ka yarda, Baba, ka zaɓi wani littafin."

Ya daɗe a gaban kanta, yana bin bangwaye da yatsa. Ya sauko da wani mai kauri a kan tsuntsaye. Ta karɓa, ta buɗe shi ta gaba, ta karanta sunan da ƙarfi. Sannan ta juya bayansa, ta ɗauki hatimin kwanan wata ta buga a farar takardar.

"Ai ba ara zan yi ba," in ji shi.

"Na sani. Duk ranar da ka karanta zan buga."

"Takardar za ta cika."

"Sai in liƙa wata."

Ya sa hoton a tsakiyar littafin, ya ɗauka ya koma wajen taga. Bai ce ya yafe ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Washegari da safe Inna ta turo mata kofi. "Yau me suka tono?"

"Ban duba ba."

"Duba mana. Wa ya sani ko kin zubar da mijin wata."

Malama ta kusa yin dariya. Ta shanye shayin da zafinsa, ta ɗauki makullai. Akwai wata tsohuwa mai zuwa duk Talata ta duba littafin taswirori, ita ma ba ta taɓa ara ba, kuma Malama tana so ta duba takardar bayansa kafin ƙarfe tara.