Ranar da Na Kai Masu Bincike Yankan Gero

Ni na yi laifi, kuma tun ina cikin yin sa na san laifi ne. Ba zan ɗora wa shaiɗan ba, don makullin motar ofis a aljihuna yake, ni na zaro shi da hannuna.

Karatuna bai wuce sakandare ba, sai 'yar shaidar koyon buga na'ura da na samu a Tudun Wada. Da ita aka ɗauke ni akawu a wata cibiyar binciken lafiya a Gusau. Aikina takardu ne, in buga, in jera, in kai, in karɓo. Shekarar da Hajiya, likitar da ke shugabantar sashenmu, ta ce za mu nemi tallafin horar da matasa masu binciken cututtuka daga wata hukuma ta ƙasar waje, ni na buga takardar neman tun daga shafin farko har na ƙarshe. Na buga, an soke, na sake bugawa, har yatsuna suka haddace ta.

Irin wannan tallafi cibiya ake ba, ba a ba mutum ɗaya ya sa aljihu. Sai kun nuna malaman da za su riƙe ɗalibai, kowane da tarihin aikinsa. Sai kun nuna ɗakin gwaje-gwaje, da yadda za ku zaɓi ɗalibai ba tare da sanayya ba, da abin da za a koya musu wata bayan wata. Akwai lokacin da muka kusa rasa komai don wani sashe na takardar ya zarce adadin shafin da suka yarda da shi da layi uku. Duk wannan yana cikin wani kundin ƙa'idoji mai kauri, kuma da yake likitoci ba su da lokacin karatunsa, ni na zama malaminsa. Sai ka ga babban likita ya leƙo ofishina yana cewa, "Malam, me kundi ya ce a kan kaza?" Ni kuwa sai in gyara hula, in yi shiru kaɗan don a san abin da nauyi, sannan in ba da fatawa. A nan kaina ya fara kumbura.

Allah ya sa aka ba mu. Aka ɗauki ɗalibai shida, duk sun gama jami'a. Ƙa'ida ta ce shekara ɗaya ake naɗa ɗalibi, in malaminsa ya shaida yana ci gaba a sake naɗa shi, in bai shaida ba a sallame shi. Ba a haɗa horon da wani aiki. Mota da akwatin sanyi na ajiye jini na aikin ne kawai, kuma duk fita sai an rubuta ta a rajista. Akwai kuma darasin riƙon amana a bincike, wanda dole kowane ɗalibi ya zauna. Ni ke jera kujerun darasin, in kunna fanka, in fita.

Cikin shidan akwai wata Malama 'yar 'Yandoto, mace mai sanyin magana, wadda ta ajiye aikinta na gwajin jini a wani asibiti don ta shiga horon, tun da ba a haɗa biyu. Aikinta a kan yara ne masu zazzaɓin cizon sauro. Ana ba yaro magani, a ɗiba wa uwarsa rana ta dawo da shi wani ƙaramin asibiti a Tsafe, a sake ɗibar jini a gani ko cutar ta tafi. In ranar ta wuce, aikin wannan yaro ya lalace.

To ni kuma ina da gona ta gado a wajen Bungudu, ni da yayana. A kakar shekarar gero ya yi kyau ƙwarai, masu yanka kuma babu, samarin ƙauyen rabi sun tafi haƙar ma'adinai. Yaya ya dame ni da waya. Wai tsuntsaye sun sauka, ni ina birni ina kaɗa ƙafa ƙarƙashin fanka, in an ɗaure dami kuma in zo in ce rabi nawa ne. Ina cikin wannan damuwa na tuna wani shafi a kundi da ya ce yana da kyau ɗalibai su riƙa fita cikin jama'a su san yadda mutane ke rayuwa. Na karanta shi sau uku. Ban ga inda aka ce kada jama'ar su zama 'yan gidanmu ba.

Na buga takarda, na sa mata kai: fita karkara don sanin rayuwar manoma. Na cusa ta tsakiyar takardun da Hajiya za ta sa wa hannu ranar da take saurin tafiya taro Abuja. Ta sa. Matsala ɗaya, Alhamis ɗin da Yaya ya shirya, ita ce ranar da aka riga aka ba Malama mota zuwa Tsafe.

Da safe ta same ni da jakarta a kafaɗa.

"Malam, ina kwana. Ban ga motar ba."

"Tana wurin makanike, Malama. Wani abu ke ƙara a ƙasanta."

"Subhanallahi. To akwatin sanyin fa? Sai in shiga ta haya."

"Ai yana cikin motar."

Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa ranar. Yana cikin motar, motar tana bayan gidan mai da direba tana jirana, sauran ɗalibai biyar suna ciki da fararen rigunansu, akwatin kuma na cika shi da fura da ruwan leda.

Ba zan ɓoye ba, ranar ta yi daɗi. Yaya ya riga ya kwantar da geron, sai yanka da ɗauri. Ɗaya daga cikin ɗaliban, ɗan birni, bai taɓa riƙe wuƙar yankan gero ba, kafin hantsi ya yanke yatsa, likitoci huɗu suka rufu a kansa kamar an kawo haɗarin mota. Wani ya tambaye ni ina takardun tambayoyin da za a yi wa manoma, na ce masa yau da hannu ake tambaya. Matan Fulani suka kawo nono, muka dama furar da ta fi kowace fura sanyi a ƙasar Bungudu. Aka yi hotuna. Kafin la'asar muka kamo hanya, don hanyar ba a yi mata yamma.

A daidai lokacin da muke shan fura, mata na zaune a barandar asibitin Tsafe da yara a cinya, wasu tun daga Bilbis. Sun jira har azahar suka watse. Da aka sake kiran su, da yawa ba su dawo ba.

Malamin da ke riƙe da Malama ya tambaye ta dalili. Ta ce an gaya mata mota ta lalace, ba ta ce wa ya gaya mata ba. Ya buɗe rajista, ya ga da rubutuna cewa mota ta fita lafiya ta dawo lafiya. Ya rubuta a takardarta cewa ta yi sakaci, ta kuma kawo uzurin da bai tabbata ba. Ta ga hotunan a wayar abokanta, ta san komai. Amma na girme ta, kuma ba ta saba kai ƙarar babba ba. Kullum da safe sai ta tsaya ƙofar ofishina ta ce, "Malam, ina kwana," ni kuwa in amsa ina duban takarda.

Da a nan abin ya tsaya, ban san ko da na taɓa buɗe baki ba. Sai Hajiya ta ga hotunan ta yaba, ta ce a sa su a rahoton shekara. Ni na buga rahoton, har na ƙara layi biyu na yabon tsarin. Rahoto ya tafi, masu tallafi suka aiko wani dattijon farfesa, mutumin wajen Zariya, ya duba aikin kafin a sabunta naɗin ɗalibai. Ya duba ɗakin gwaji, ya duba rajista, sannan ya ɗora yatsa a kan hoton gonar ya ce wannan ƙauye yake son gani.

Na fita bayan ofis na kira Yaya.

"Gobe za mu zo da baƙo. Ka ce ba ka san ni ba."

"Mi? In ce ban san ɗan uwata ba?"

"Na awa ɗaya ne kawai, Yaya."

"To. Allah shi kai mu."

Abin da na manta shi ne, a wurinmu wanda aka yi wa gayya ba ya barin mai mutanen ya tafi hannu wofi. Muna isa na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an kira maƙwabta, ana jin ƙamshin zakara daga ciki. Dami biyu na jingine da bango. Yaya ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya kama hannun farfesa da hannu biyu.

"Kai ne maigidan nasu? Alhaji, mun gode, Allah shi saka. Yaranka sunka yi muna gayya, yini guda sunka share gona. Ga dami biyu a sa maka a mota. In taka ta tashi ka aiko, ko ina ce mu zo."

Farfesa ya dubi Hajiya, Hajiya ta dube ni, ni na dubi zakaran da ya rage yana yawo a tsakar fili, na ji ina ma ni ne shi.

"Baba, gonar ta wane ce?" in ji farfesa.

Yaya ya nuna ni da haɓa. "Wanga an ce in ce ban san shi ba. To ban san shi ba. Amma rabin gonar tashi ce, tun rasuwar babanmu."

Farfesa ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ci naman, ya yi godiya, ya ƙi karɓar damin. Muka kamo hanyar Gusau.

Laifin gona ya fito, amma babu wanda ya haɗa shi da maganar Tsafe. Washegari Hajiya ta miƙo mini sunayen waɗanda za a sake naɗawa in buga, ba ta ko dube ni ba. Sunaye biyar. Biyar ɗin da suka yi mini yankan gero. Wadda ta tsaya a kan aikinta ita ce babu, ga shi ta bar aikin asibitinta, babu inda za ta koma. Na buga na ɗaya, na buga na biyu, yatsuna suka ƙi. Na ɗauki rajista na shiga wurin Hajiya da farfesa, na buɗe shafin Alhamis ɗin, na faɗi abin da na gaya wa Malama da safiyar ranar, da abin da aka zuba a akwatin sanyi.

"Fura?" in ji Hajiya.

"Da ruwan leda, ranki ya daɗe."

Farfesa ya sa na rubuta komai da hannuna na sa hannu, ya haɗa da rahotonsa. Cibiya ta sha gargaɗi a rubuce. Aka cire takardar sakaci daga fayil ɗin Malama, aka mayar da sunanta, aka ƙara mata lokaci ta sake aikin da sababbin yara. Makulli ya koma jakar Hajiya. Ni kuma aka ce in zauna darasin riƙon amana daga farko har ƙarshe, a kujerar gaba, bayan na gama jera kujerun.

Na ba Hajiya haƙuri, na ba farfesa, na ba ɗaliban biyar, har direba na ba. Malama ce na kasa. Makonni, ina jin takunta sai in shige ɗakin ajiyar fayil. Sai ranar da za ta koma Tsafe Hajiya ta ce ni zan ɗauki akwatin sanyi, tun da na san nauyinsa. Na wanke shi sau uku.

A barandar asibitin mata sun cika. Wata dattijuwa da jikanta a baya ta gane Malama, ta ce, "Ke ce kinka shanya mu waccan rana?" Malama ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, kamar yadda na tabbata ta sha yi. Na ajiye akwatin, na cire hula.

"Inna, ba ita ba ce, ni ne. Ni na ɗauke motar na kai ta gonata, na yi mata ƙarya." Na juya wurinta. "Malama, na sa an kira ki mai sakaci, na kusa raba ki da abin da kika bar aikinki dominsa, kuma kina gaishe ni ina amsawa. Ba ni da uzuri ko ɗaya. Don Allah ki yafe mini."