Hinda, Wadda Ta Fara Kifar da Kaskonta

"Ku tofar! Kowa ya tofar da abin da ke bakinsa!"

Da wannan ihun Hinda mai suyar fara ta keta kasuwar Bande, kallabi a hannu. Can a rumfarta Illa maƙeri na kwance yana karkarwa, yawu na dalala, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar tsabar gero. Farar da ya ci kuwa, daga kaskonta ta fito.

Shekara da shekaru Hinda kan yi sammako ta kamo fara tun raɓa na danne da fukafukanta, ta dafa, ta shanya, ta soya da yaji. Sai a kakar nan Anasara suka kawo wani sabon maganin fara don gwaji. Ana cuɗa shi da dusa a watsa a gona, farar da ta ci jijiyoyinta su rikice, ta faɗi tana shure-shure. Mu kuwa muka ce arziki ya sauko, ga fara ba tsalle! Aka yi ta kwasa a buhu.

Nata kaskon ta fara kifarwa, sannan ta nufi na Balki, abokiyar sana'arta.

"Ke Hinda, hassada ce ko iskoki?"

"Yaya Balki, zage ni anjima. Miƙo kazar can."

Ta watsa wa kazar fara daga kaskon Balki. Kafin masu dariya su gama, kaza ta bingire tana harba ƙafa. Balki da hannunta ta tuntsurar da kaskonta.

An kai Illa wajen lokotoro a asibitin Magariya, ya tashi, kuma shi ya ba ni labarin nan. Tun ranar Hinda ke taka garuruwan Kwaya da Dungas da ƙafa, kaza a kwando, tana cewa, "Farar da ba ta guje maka ba, ka guje mata."

Hinda, ke ce kika zubar da abincin 'ya'yanki don namu su rayu. An zage ki, an jefe ki, ba ki juya ba. Mun gode, Allah ya saka. Jama'a, wanda ya ga mugun abu a kaskonsa, ya yi irin nata.

Jiya kuma wata kamiyo, babbar motar kaya, ta tsaya bakin kasuwa. Wani baƙo ya sauke tano, gangar ƙarfe, wai maganin rumbun gyaɗa ne a ciki. Hinda ta gyara ɗaurin zane, ta ɗauki kwandonta.

"Sannu da hanya, baƙo. Buɗe mu gani."