Kitson da Ba Ya Kwana Uku

Shekara huɗu ke nan Auta tana aiki a shagona na kitso. Sunan da ake kiranta da shi a gidansu ne, mu ma muka ɗauka. Tana da shekara goma sha shida ta haihu, yaron da ya cika ta da alkawura kuwa ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. Innarta ta karɓi jaririyar, aka ce wa duk mai tambaya ƙanwar Auta ce. Yarinyar ta tashi tana kiran Auta Yaya.

Hannun Auta ba ya wasa. In ta kama kan 'yar mutane, sai an yi hawaye, amma kitson zai yi wata guda yana tsaye. Ran da Inna ta kawo 'yar ƙaramar kuwa, sai hannun ya mutu. Ta shafa mai, ta tsaga a hankali, ta riƙa lallaɓa gashin kamar na aro. Kwana biyu duk ya warware.

"Wannan kitso ne ko shafa kai?" na taɓa ce mata. "Kina zubar min da mutuncin shago."

Dariya ta yi, idonta a ƙasa. Na san abin da ke ciki, tausayinta kuma ya hana ni ƙarawa. Gani take ba ta da ikon sa yarinyar kuka, tunda ko sunan uwa ba ta amsa ba.

Ana saura kwana ɗaya a kai yarinyar makaranta, aka zaunar da ita kan tabarma tsakanin ƙafafun Auta. Wata baƙuwa da nake yi wa kitso ta dube su ta madubi.

"Kamarku ɗaya. Ƙanwarki ce?"

Yarinyar ta ɗago kai tana jiran amsa. Matsefi ya tsaya a hannun Auta. Ni ma na tsaya.

"'Yata ce," in ji Auta. "Ni na haife ta."

Baƙuwar ta ce Allah ya raya, ta koma kan wayarta. Shago bai rushe ba.

Auta ta juya kan yarinyar, ta sake tsaga, ta kama gashin sosai.

"Yaya, da zafi."

"Daure, 'yata. Gobe makaranta za ki."

Wannan kitson sai da ya yi sati uku, ni da kaina na taya ta kwance shi.