Wa Ke Zama Da Kai?

Ina fitowa daga wurin likita a nan Jamus sai ga kiran bidiyo daga Bawku. Kawu Seidu ne, wanda gobara ta cinye masa rumfar masara makon jiya. Na zaci zan same shi kwance. Sai ga shi a benci ana shan shayin ataya, abokan kasuwa na tsokanarsa wai ya huta da ɓeraye.

Na gaya masa damuwa ta hana ni barci, har an ɗora ni kan magani.

Ya ce, "Sha abinka, ɗana. Amma wa ke zama da kai?"

Na ce, "Kawu, nan sai an sa rana."

"Har zaman ma?"

Ban yi saurin yabon gida ba. A bencin nan aka riƙa kiran yayana Issah mai aljanu da ya daina magana, har ya rasu ba wanda ya kai shi asibiti.

Ni ga likita babu benci, shi ga benci babu likita. Jama'a, akwai garin da ya haɗa biyun? Ku faɗa min, na gaji.